Rurin Fankar da Mai Kunne Bai Ji Ba

Kowace safiya matar Mai Kunne ce take tashinsa, kuma ba da murya ba. Takan dafa masa kafaɗa sau biyu, ta janye labule, ta fita ta bar shi. Shekara uku ke nan da ta daina kiransa daga tsakar gida, domin ta gaji da kiran da ba a amsawa. Ranar wannan Talata ma haka aka yi. Ya tashi ya yi salla, ya zauna a bakin gado yana kurɓar shayi, rediyo na gefen kunnensa na dama an ƙure shi, har maƙwabta suna sauraren labaran duniya ba da sonsu ba.

A kan taga akwai wani ɗan akwatin roba da babbar 'yarsa ta aiko masa. Na'urar ƙara ji ce a ciki, sabuwa, ko ledarta ba a ɓare ba. Matar ta ɗauko ta ajiye kusa da kofinsa kamar yadda ta saba, shi kuma ya mayar da ita kan taga kamar yadda ya saba. Ta zagayo ta tsaya a gabansa, inda zai ga bakinta, ta gaya masa cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta buga waya tun da asuba, motarta ta sake tafasa jiya, kuma tana nan tafe gareji. Ta ƙara da cewa in yana da sauran hankali, yau ce ranar da zai ɓare ledar nan. Ya amsa mata da cewa shekara talatin da ɗaya tana gidansa bai taɓa shiga ɗakin girki ya nuna mata yawan gishiri ba. Ya saka shuɗiyar rigarsa ta aiki wadda baƙin mai ya rine wa aljihu, ya ɗauki makullai ya fita bai yi sallama ba.

Bakanike ne, ɗan bakanike. Shekarunsa hamsin da takwas, gajere ne mai kaurin wuya, babban yatsansa na hagu ba shi da farce tun wata rana da jak ya zame. Ba shi ya sa wa kansa laƙabin Mai Kunne ba. Tun yana saurayi a garejin mahaifinsa, mota takan shigo daga ƙofa ya faɗi ciwonta kafin direba ya kashe ta. Marigayi mahaifin nasa yana da wata doguwar sandar ƙarfe mai ƙotar katako, wadda yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya kafa ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Da ya ga ɗan ya fi shi ji, sai ya miƙa masa sandar tun yana raye. Daga nan sunan ya bi shi, har yawancin direbobi ba su san yana da wani ba.

Garejin fili ne mai katangar bulo da ƙofa ɗaya ta ƙarfe. Daga shiga akwai rumfar gaba: rufin kwano, daɓen siminti, teburin ƙarfe, da rami mai matakala huɗu wanda bakanike ke shiga ya tsaya a miƙe a ƙarƙashin mota. Bayan filin kuwa gangare ne, ƙasa zalla, inda ruwan sama ke taruwa ya kwana uku. A can ƙanensa Auta yake aiki, kwance a kan kwali, yana jan baya a ƙarƙashin motoci. Tsakanin sassan biyu akwai tsofaffin tayoyi goma sha ɗaya da aka binne rabi a jere, kuma shekara shida babu ɗayansu da ya tsallaka.

Asalin abin rasuwar mahaifinsu ne. Bai raba filin ba, kuma rami ɗaya ne. Aka yi ta sa-in-sa har ta kai su ga cin kwalar juna a gaban mutane. Gwaggonsu, autar ɗakin su mahaifinsu, ita ta raba gardamar. Ungozoma ce, ta yi shekara talatin da biyar a asibiti ta yi ritaya, amma har yanzu ana kiranta gidaje, kuma tana tuƙa kanta a wata tsohuwar doguwar mota mai launin toka wadda marigayi ne ya zaɓa mata. A gaban dangi ta ce rumfar gaba ta wanda hannunsa ya fi ce, kuma a ganinta babban ne. Sai ta ɗora sharaɗi: duk ranar da ta ɗauki motarta ta kai wa Auta, a ranar Mai Kunne zai kwashe kayansa ya koma gangare. Kowa ya shaida. Tun daga lokacin 'yan'uwan biyu ba sa magana kai tsaye. Akwai wani mai walda da ke da ɗan teburinsa a ƙarshen layin tayoyin, mutum mai son zaman lafiya da son gulma daidai wa daida, ta bakinsa saƙo ke wucewa. In Auta na son babban jak, sai ya ce wa mai walda ya gaya wa mai rumfar gaba. In Mai Kunne zai hana, sai ya ce wa mai walda ya gaya wa mutumin gangare.

Jin nasa bai tafi rana ɗaya ba. Siraran sautuka ne suka fara ɓacewa, kamar kukan bel da tsiyayar iska, daga baya masu kauri suka bi. Ya koyi kallon baki, ya koyi gyaɗa kai a inda ya dace, ya koyi ɗaure fuska domin kada a ja shi da hira. Da ma ba mai fara'a ba ne, saboda haka ya ɗauka babu wanda ya lura. Har yanzu yakan ɗora sandar a jikin inji ya lumshe ido a gaban mai mota, amma abin da yake karantawa girgizar da ke zuwa masa ta ƙashin muƙamuƙi ce kawai. Yawancin lokaci hakan na isarsa. A kan motar Gwaggo bai isa ba.

Sau uku ke nan tana kawo ta cikin mako uku da ciwo ɗaya: zafi. A karon farko ya ce lagireto ne ya toshe, ya cire ya saka wani. A karo na biyu ya canja famfon ruwa. A na uku ya buɗe kan injin gaba ɗaya ya canja gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin injin, aikin kwana biyu. Kowane karo yakan gwada motar yadda mahaifinsa ya koya masa, wato ya fita da ita babbar hanyar bayan gari ya taka ta sosai, ya je ya dawo. Kowane karo allurar zafi takan zauna a tsakiya ba ta motsi, ya dawo ya miƙa makulli yana cewa an gama.

Ya buɗe ƙofar gareji da ƙarfe bakwai da rabi. Ya ɗage katakai biyar da ke rufe ramin, ya jingina su da bango, ya share daɓen, ya jera sifanu a kan tebur daga ƙarami zuwa babba. Auta ya shigo bayansa da kaɗan, dogo, mai ɗan rankwafawa saboda ciwon baya, ya wuce ta gefen katanga bai dubi rumfar ba. Amma yau bai shimfiɗa kwalinsa ba. Ya jawo benci ya zauna dab da tayoyin yana fuskantar ƙofa, kamar mai jiran a fara wasa. A nan Mai Kunne ya gane labari ya riga shi isowa.

Ƙarfe tara saura motar ta shigo. Gwaggo ta fito da ƙyar, ta rufe ƙofa da ƙarfi, ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Mai Kunne ya rusuna ya gaishe ta, ya wuce kai tsaye ya ɗaga murfin inji ya cusa kai. Sai ya ji an ja shi ta wuyan riga. Ta juyo da shi har suna fuskantar juna, yatsanta na nuna tsakiyar goshinsa.

"Ni za ka duba, ba motar ba," in ji ta. "Jiya aka kira ni kan mai naƙuda, haihuwar fari. A tsakiyar cunkoson kasuwa motar nan ta tafasa, tururi kamar ana dafa ta. Na bar ta a nan, na ɗauki jakata na taka da ƙafa, da shekaruna. Na isa na tarar kai ya riga ya fito, babu kowa a kanta sai uwar miji tana salati."

Ya tambayi lafiyar mai jegon da jaririn. Ta ce suna lafiya, amma ba da taimakonsa ba. Sannan ta faɗi abin da ya tsaya masa a ƙirji. Ta ce a babbar hanya motar lafiyarta lau, ko awa biyu za a yi ana gudu. Sai an shiga cunkoso, ana tafiya ana tsayawa, allura take hawa. Ta ce sau uku tana gaya masa haka, kowane karo kansa na cikin inji yana gyaɗa mata ƙeya. Ta ba shi zuwa la'asar. In motar ta sake tafasa, da hannunta za ta tuƙa ta ta tsallaka tayoyin nan, kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Daga bencinsa Auta ya ce wa mai walda ya gaya wa mai rumfar gaba cewa saura kujeru da madubi ne bai canja ba, ko zai gwada su. Mai walda ya yi dariya ya haɗiye ta, bai isar da saƙon ba. Gwaggo ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna a inuwar rumfar da jakarta a kan cinya.

Mai Kunne bai fita da motar hanya ba wannan karon. Ya cika lagireto da ruwa, ya tayar da inji, ya bar shi yana aiki a tsaye a cikin rana. Ya tsaya a gefe yana kallo. Fanka tana juyawa, bel yana tafiya daidai, babu ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙasa. Minti goma, allura ta kai tsakiya. Minti goma sha biyar, ta wuce. A daidai nan ya lura da wani abu da ba a cikin injin yake ba. Mai walda ya dakata da aikinsa ya karkata kai gefe ɗaya. Auta ma ya karkata nasa. Suna jiran wani sauti ne, su biyun, kuma da sautin bai zo ba sai suka dubi juna, Auta ya taɓe baki.

Mai Kunne ya san abin da bakanike ke jira a wannan lokaci. Fankar irin wannan mota ba a jikin inji take ɗaure kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai wani kwanon ƙarfe mai gaɓa-gaɓa, wanda masu sana'ar ke kira kulocin fanka, da wani mai mai kauri a cikinsa. In inji na da sanyi, kulocin yakan saki fankar ta riƙa juyawa a hankali. In iska mai zafi ta buso shi daga lagireto, sai ya kama, fankar ta ɗauki gudun inji, ta yi wani ruri mai kauri da ake ji daga bakin titi. In man ya tsiyaye, fankar za ta ci gaba da juyawa, ido ya ga kamar tana aiki, amma ba ta jan iskar kirki. A babbar hanya gudun mota ne ke turo iska, saboda haka ba a gane komai. A cunkoso ne asiri ke tonuwa. Ɗan koyo na shekara biyu ma yakan gane wannan ciwo da kunne, domin rurin ne ba ya zuwa. Shi kuwa shekara uku babu fankar da ta yi masa ruri, mai lafiya da marar lafiya, har ya manta ana jiran sa.

Ya miƙa tafin hannunsa bayan fankar. Iskar da ta taɓa shi ba ta fi numfashin mai barci ba. Ya je tebur ya ɗauko tsohuwar jarida, ya naɗe ta tamau, ya kawo bakinta a hankali kan fukafukan. Fanka mai lafiya a wannan zafi da ta yayyaga jaridar ta watsa masa a fuska. Wannan kuwa ta ɗan kakkaɓe ta, ta rage gudu, ta tsaya cak, inji na ci gaba da aikinsa. Ya kashe motar. Ya tura fuffuke ɗaya da yatsa, fankar ta yi zagaye biyar ita kaɗai. Ya shafa bayan kwanon, yatsunsa suka fito da baƙin maiƙo mai danƙo.

Gwaggo ta tambayi abin da ya gani. Ya gaya mata kulocin fanka ne ya mutu, kuma shi ne ciwon tun farko. Ta tambaya ko lagireton da famfon da aikin kwana biyun duk na banza ne. Ya ce ba su da laifi.

A nan Auta ya kasa daurewa. Ya miƙe ya zo har bakin tayoyin, kuma a karon farko cikin shekara shida ya fuskanci yayansa kai tsaye, yana buɗe baki sosai yadda ake yi wa wanda ke karanta leɓe.

"Tun ranar farko na ji, Yaya. Daga can gangare, ina kwance ƙarƙashin wata motar, na ji fankar nan ba ta ruri. Mai walda ma ya ji. Kowa a filin nan ya san kunnen ya mutu tuntuni, kai kaɗai kake zaton sirri ne."

Mai Kunne ya dubi mai walda. Mai walda ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin teburinsa. Gwaggo ta juyo a kan kujerarta. Ta dubi Auta na ɗan lokaci, ta gyara zaman jakarta, ta ce la'asar dai ba ta yi ba tukuna.

Auta, ganin ya samu fili, ya juya ga Gwaggo ya ce aikin minti goma ne in an ba shi: a yi wa kulocin walda ya kame gaba ɗaya, fanka ta riƙa gudu tare da inji kullum, zafi ya ƙare har abada. Mai walda ya ɗago kai, ya ce shi a shirye yake. Mai Kunne ya ce wa mai walda ya gaya wa mutumin gangare cewa a rumfar marigayi ba a taɓa yi wa fanka walda ba. Fankar da aka kame tana cin famfon ruwa, tana shan mai, kuma wata rana a babbar hanya fuffuke zai ɓalle ya huda lagireto ko murfin inji. Ya ce wannan ba gyara ba ne, ɗaure ciwo ne da tsumma a tura wa na gaba. Auta ya ce a gaya masa wanda ya canja rabin mota a banza ba shi da bakin koyar da gyara.

Mai Kunne ya hau babur ɗinsa ya tafi layin masu kayan gyara. Mai shagon da ya saba da shi ya jawo wani kwali daga ƙasan kanta, a kwance, wasu kaya a kansa. Mai Kunne ya ƙi karɓa. Ya ce kulocin da ya daɗe a kwance mansa yakan gangaro inda bai kamata ba, a ba shi wancan da ke tsaye a saman kanta. Mai shago ya yi gunaguni, ya ce duk kamfani ɗaya ne, kuma tsufa ya fara sa shi tsirfa. Mai Kunne bai ga bakinsa ba a lokacin, saboda haka bai tanka ba. Ya buɗe kwalin a nan, ya gwada tazarar ramukan kusoshi da awon tsohon da ya ɗauko da zare kafin ya fito, ya juya kwanon da hannu ya ji yana da nauyin juyawa daidai. Ya ɗaure shi a tsaye a ƙirjinsa cikin riga, ya dawo a hankali.

Inji ya huce kafin ya iso. Ya kwance garkuwar robar da ke kewaye da fanka, ya jingina ta baya. Babban notin da ke riƙe kulocin shi ne wurin da ake gane bakanike. Na hagu ne, wato ta inda ake ɗaure sauran notuna ta nan ake kwance shi, kuma wanda bai sani ba zai yi ta ƙara masa ƙarfi har ya lalata zaren, wato haƙoran notin. Ga shi kuma in an murɗa, famfon ruwa yakan juya tare da shi, sai an samu mai riƙewa. A wasu garejin mutum biyu ke yin aikin. Auta ya naɗe hannu yana kallo, domin ya san babu wanda za a kira. Mai Kunne ya buɗe aljihun tebur na ƙasa ya ɗauko wani faffaɗan ƙarfe mai huda biyu, wanda ya ƙera da kansa shekaru ashirin da suka wuce saboda wannan aiki kaɗai. Ya saƙala shi a kan kusoshin famfon, ya tokare ƙarshensa da cinyarsa, ya kafa babban sifana a kan notin, ya ba shi guduma ɗaya. Notin ya saki.

Ya fito da fankar da kulocin tare, ya kwantar a kan tebur. Kafin ya kwance kusoshi huɗun da ke haɗa su, ya yi wa fuskar fankar alama da alli, domin fankar da aka juya baibai takan tura iska maimakon ta ja. Ya wanke fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga su ga haske yana neman tsaga, bai samu ba. Ya ɗora su a kan sabon kulocin, ya ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, har suka zauna daidai. Ya mayar, ya fara ɗaura babban notin da yatsu kawai har ya tabbata zare ya kama, sannan ya sa sifana. Ya mayar da garkuwar, ya juya fankar da hannu ya ga ba ta gogar komai. Duk wannan bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Gwaggo ta lura da hakan, ta ce ashe aikin awa ɗaya ne ya ci mata mako uku.

Rana ta take tsaka lokacin da ya tayar da motar. Ya ɗauko kwali ya rufe rabin gaban lagireto domin zafi ya taru da wuri, ya mayar da abin kamar cunkoson kasuwa. Suka tsaya su huɗu suna jira. Allura ta tashi daga ƙasa, ta kai tsakiya, ta ɗan leƙa sama. Mai Kunne bai kalli allurar ba, kuma bai kalli fuskar kowa ba. Kwalin yake kallo. Can sai kwalin ya motsa, ya manne da lagireto kamar an mare shi. Gefen mayafin Gwaggo ya tashi. Ya miƙa hannu bayan fankar, iska mai zafi ta tura masa tafin baya. Ya cire kwalin, ya leƙa ta taga: allura tana saukowa, ta zauna a tsakiya. Ya bar motar tana aiki a tsaye rabin awa cur, ba ta ƙara hawa ba.

Gwaggo ta miƙe, ta zo gabansa, ta tambaye shi ko ya ji rurin.

"Ban ji ba, Gwaggo," in ji shi. "Na gani, na taɓa. Shekara uku ke nan ban ji ba."

Ta gyaɗa kai, ta juya ga Auta, wanda ya riga ya fara kallon ramin kamar mai auna inda zai ajiye teburinsa.

"Kai kuwa ka ji. Tun ranar farko ka ji, da bakinka ka faɗa. Ka yi shiru mako uku kana jiran rami, ka bar ni na tafasa a hanya da jakar haihuwa a hannu. Ni na yanke maka cibiya, Auta. Motata ba za ta tsallaka tayoyin nan ba, ko da tura ta zan riƙa yi."

Auta ya fara cewa ba a tambaye shi ba, kuma shekara shida yana kwance cikin taɓo babu wanda ya tambayi bayansa. Ta ce wannan gaskiya ne, kuma da jiya da safe ya faɗa mata da ta saurara. Sannan ta koma kan babban. Ta ce kada ya ɗauka ya ci wani abu. Rumfar tana hannunsa ne ba don ya fi ba, sai don shi bai ji ba, ɗan'uwansa kuwa ya ji ya ɓoye. Ta ce ta san da akwatin da ke kan tagarsa, kuma in ta sake kawo mota ta tarar da kunnen nan babu na'urar a ciki, to ita da garejin gaba ɗaya sun raba hanya, su biyun su cinye ramin. Ta karɓi makullinta ta shiga, ta ja motar ta fita, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Mai Kunne ya san daga bakin matarsa maganar akwatin ta fita. Ya canja wa wata ƙaramar mota birki. Ya juye wa wata baƙin mai. Mai walda ya zo sau biyu yana neman hira, sau biyu ya juya masa baya. A gangare Auta ya yi ta buga ƙarfe da ƙarfin da aikin bai buƙata ba, abin da Mai Kunne ya gane daga yadda tsuntsayen kan katanga suke tashi.

Da rana ta yi sanyi ya wanke sifanunsa da kananzir ya mayar da su. Ya jefa mataccen kulocin cikin buhun tsofaffin ƙarafa. Sandar marigayi tana rataye a ƙusarta. Ya sauke ta, ya goge bakinta da tsumma, ya shafa wa ƙotar ɗan mai a inda kunnuwa biyu suka sa katakon ya yi santsi. Ya riƙe ta ya nufi layin tayoyin. Mai walda ya miƙo hannu don ya karɓa ya isar, kamar yadda aka saba. Mai Kunne ya wuce shi, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, ya taka gangaren har bencin Auta, ya ajiye sandar a kai. Bai dubi ƙanen nasa ba. Ya juya.

Auta ya ce shi bai roƙa ba, kuma sanda ba ta maganin ciwon baya. In kyauta ake son yi, an san abin da yake so. Ya faɗa da ƙarfi, har da wata kalma da mai walda ya ƙi maimaitawa daga baya. Amma bai taɓa sandar ba balle ya jefar, kuma mutumin da yake zagi ya riga ya ba shi baya.

Mai Kunne ya koma rumfarsa. Ya ɗauko katakan daga jikin bango, ya jera su a kan ramin ɗaya bayan ɗaya, ya taka kowanne ya ji ya zauna. Na huɗun yana da ɗan lanƙwasa, sai an juya shi yake shiga. Ya juya shi, ya ɗora na biyar, ya kashe fitilar rumfa.